Kunnen Aristide

Ni ne mai hura wuta a ƙungiyarmu, lokacin da ake gina hasumiyar ƙarfen nan ta Paris. In ƙusa ta yi jajur sai in miƙa a zura a rami, ɗaya ya tokare ta da sandar ƙarfe daga baya, ɗaya ya narka mata guduma. Mai tokarewa shi ke shan wahala, don kunnensa na jikin ƙarfen. Shi ya sa ƙa'ida ce, duk Litinin ana musayar wuri.

Firmin da ƙanensa Aristide su ke wannan aikin. Firmin ƙato ne mai son a yaba masa, kuma shugaban aiki ya taɓa cewa ba a yi mai guduma kamarsa ba. Shi ke nan kai ya kumbura.

"Yaya, yau Litinin," in ji Aristide. "Kunnena sai kuwwa yake."

"Kai da wannan hannun naka na kaɗa goge? Sai mu kai baɗi ba mu gama ba. Bari sai mako mai zuwa."

Aristide kuwa da goge yake raya gidan rawa a unguwar Grenelle duk Lahadi, kuma shi ne abin da ya fi so a duniya. Makon musayar da Firmin ya yi alkawari kuwa bai taɓa zuwa ba har aka gama gini. Mai gidan rawa ya sallame shi, wai kiɗansa ya daina tafiya da na sauran. Firmin ya ce sharri ne kawai, amma tun ranar ya bar yi wa ƙanensa tsiya, ruwan inabinsa ma shi yake tura masa.

Da aka buɗe baje kolin da aka gina hasumiyar dominsa muka ci ado muka je, don an ce za a harba igwa daga can samanta. Aka harba. Tantabaru suka watse, wata tsohuwa ta yar da burodinta, ni kaina sai da na toshe kunne.

Aristide bai ko ƙifta ba. Yana tsaye ya ɗaga kai, yana murmushi.

Na ga Firmin ya cire hula yana murɗa ta, kunya da baƙin ciki sun rufe shi, har ya ba ni tausayi duk da haushinsa da nake ji. Aristide ya taɓa shi da gwiwar hannu, ya ɗaga murya yadda yake yi yanzu.

"Yaya, wai sai yaushe za su harba ne?"