Binciken Shahida

Ni firamare na gama, daga nan na kama ɗinki. A wurina, da duk wanda ya tashi a garinmu, kalmar bincike abu ɗaya take nufi: mota ta tsaya, masu kaki su sauko, su ce a buɗe buhu. Garin namu yana ƙasar Babura, arewa da Kanya Babba, kuma mai babur yakan kai gero kasuwar Nijar da sassafe ya dawo kafin azahar. A shekarar da abin nan ya faru an hana fita da hatsi, amma ba a daina ba, domin a can ne gero yake da daraja.

Shahida ita ce 'yata ta uku, ita kaɗai ce cikin 'ya'yana ta wuce sakandare. Tana karanta harkar kasuwanci a wata babbar makaranta a Kazaure. Ta zo hutu lokacin kaka, ta same ni a zaure ina kan keken ɗinki, ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Baba, malaminmu ya ba mu aiki. Kowa ya koma garinsu ya nemo abin da yake damun mutane, ya ƙirƙiro sana'ar da za ta magance shi. Mai sana'a ya samu, jama'a ma su samu."

"To ki rubuta masa talauci, kin gama."

"Baba kenan! An ce abu ɗaya za a ɗauka, wanda za a iya taɓawa da hannu."

Ta yi kwanaki tana juya maganar. Da farko tumatirin da yake ruɓewa a hannun masu lambu a Kazaure ta so ta ɗauka, sai ta ji wata ƙawarta ta riga ta. Ta koma kan ƙuli-ƙulin matan Roni, wai a zuba shi a leda mai suna a kai birni. Daga nan ta ce famfunan burtsatsen da suka mutu a ƙauyukan Gwiwa, a koya wa matasa gyaransu. Mahaifiyarta Zara ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke da ko murfin galan sai an buɗe miki, ke ce za ki kwance famfo?"

A ƙarshe a tsakar gidanmu ta samu abin da take nema. Zara tana auna gero za a kai kasuwa, Shahida ta tsaya a kanta tana kallo.

"Inna, geron nan da kike sayarwa yanzu da araha, ba shi za ki dawo ki saya da tsada ba in damina ta yi nisa?"

"Shi ne mana. Kowace shekara."

"To me ya sa?"

"Ke, tashi ki ba ni wuri. Maganin ƙanenki da me zan saya?"

A ranar ta tsara abinta. Rumbu ɗaya babba na kowa da kowa: mai ƙaramin ƙarfi ya kawo geronsa da kaka, a ba shi ɗan abin biyan bukata, a ajiye hatsin inda gara da ɓera ba za su taɓa ba, in farashi ya tashi a sayar a ba shi ragowarsa. Ni kaina da ta bayyana mini na ga hankali a ciki. Sai ta ƙara da cewa, "Amma sai na yi bincike tukuna."

Ƙafata ta tsaya a kan keke.

"Me za ki yi?"

"Bincike, Baba. In shiga gidaje in tambayi mata yadda suke ajiya, da lokacin da suke sayarwa, da wanda yake saye."

"Kada in sake jin kalmar nan a bakinki a garin nan. Ki ce aikin makaranta. Ki ce hira. Ki ce komai, ban da wannan."

"Baba, haka fa ake cewa. Ko a rediyo, in likitoci sun gano wani abu, ba cewa ake yi bincike ya nuna ba?"

"Wannan rediyo ne. Nan garinmu ne."

Ta yi alkawari, tana murmushi irin na wanda yake lallashin tsoho.

Abin da namiji ba zai faɗa wa ƙanensa ba game da rumbunsa, mata sun faɗa wa Shahida. 'Yar gari ce, a gabansu ta girma, kuma babu ƙofar da aka hana ta shiga. Kullum da la'asar takan dawo da gyaɗa ko ƙuli a gefen mayafi, bakinta cike da labari. Wance a ƙarƙashin gado take ɓoye nata don kada miji ya gani. Wance gara ta cinye mata rabin buhu. Na fara cewa a raina wataƙila tsorona ne ya yi yawa.

Sai ranar da ta shiga gidan Mamuda. Mamuda maƙwabcina ne, tare aka yi mana kaciya, kuma tun da muka yi aure kwanon tuwo yake zirga-zirga tsakanin gidajenmu kowace yamma. A ɗakin bayan gidansa mutanen unguwa suke tara geron da za a tsallaka da shi, ɗansa Ɗan'azumi kuma shi yake kaiwa a babur. Shahida ta ga buhunan a jibge a ƙasa ba ko katako, ta ɗauki hotonsu a waya don ta nuna wa malaminta irin ajiyar da take jawo asara. Tana cikin haka Dela, mahaifiyar Mamuda, ta fito. Tsohuwar kunnenta ya yi nauyi.

"Wai ke tambaye-tambayen nan na mene ne?"

"Aikin makaranta ne, Iya."

"Aikin wa?"

"Na makaranta!"

"Wace Maryama?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Shahida ma tana dariya ta matsa kusa da kunnenta ta ɗaga murya, sai kalmar da ta saba da ita a aji ta kuɓuce mata.

"Bincike, Iya! Bincike nake yi!"

Katangar gidan ba ta da tsawo, kuma a bayanta ne dakalin da maza suke zama. Da bakinta ta ba ni labarin da yamma, wai don in yi dariyar Maryama. Ban yi ba.

Ba a jima ba, wata ranar kasuwa da hantsi, motoci biyu na masu kaki suka shigo gari. Ba su tsaya tambayar kowa ba, kai tsaye ƙofar Mamuda suka nufa. Suka kwashe duk abin da yake ɗakin, geron gidaje da yawa, har da na wata bazawara da shi kaɗai ta noma. Ɗan'azumi ya riga ya ɗaure buhu biyu a babur ta ƙofar baya. Da ya ji ƙarar motoci sai ya tayar ya bi burtali a guje. Tayar gaba ta shige yashi, babur ya juye, buhunan suka sauka a bayansa. Aka kai shi asibiti a Kazaure, daga can aka ce sai Kano. Ƙafafunsa ba sa motsi.

Wa ya kai rahoto? Allah ne ya sani. Ɗakin nan ba ɓoyayye ba ne. Direbobi sun san shi, dillalai sun san shi, har masu sayar da mai a bakin hanya sun san shi. Amma a duk garin mutum ɗaya ne aka ji ya faɗi kalmar da ƙarfi, kuma a cikin gidan.

A yammacin ranar Zara ta aika da tuwo gidan Mamuda kamar kullum. Kwanon ya dawo a rufe. Ta buɗe, ta ga ko miyar ba a taɓa ba, ta mayar da murfin ta zauna a ƙasa. Washegari mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu, wanda na yanka da wanda ban yanka ba. A masallaci na kusa da ni ya bar tazara tsakanin kafaɗarsa da tawa, liman ya ce a haɗa sahu, bai matso ba. Yara kuma in sun hango Shahida sai su bi ta da "'Yar bincike! 'Yar bincike!" Wata rana aka jefo dutse ya faɗo kusa da randa. Daga nan na hana ta fita. Abin da nake tsoro ya wuce ɗinkina: kada yarinyar nan ta rasa garin da aka binne cibiyarta.

Da dagaci ya aiko a kawo ta, na zaunar da ita a ɗakina kafin mu fita.

"In an tambaye ki ko kin yi bincike, ki ce ba ki yi ba. Ki ce hira kika yi da iyayenki mata."

"Baba, za a ba ni Alƙur'ani?"

"Wataƙila."

"To yaya zan ce ban yi ba?"

"Ai abin da suke nufi ba ki yi ba!"

"To shi zan faɗa musu. Zan yi musu bayani, za su gane."

"Shahida, ba aji za ki shiga ba."

Ta sunkuyar da kai, ba ta ce to ba.

Ƙofar gidan dagaci ta cika. Muka durƙusa muka yi gaisuwa. Mamuda yana gefe, ya dawo daga Kano a daren jiya, idanunsa sun faɗa. Dagaci mutum ne mai son a gama magana da wuri.

"Yarinya, tambayata ɗaya ce. Kin yi bincike a gidajen mutane, ko ba ki yi ba?"

Na dube ta. Ta ga ina dubanta.

"Ranka ya daɗe, na yi, amma..."

Ba wanda ya ji abin da ya biyo bayan amma. Wuri ya kaure da salati da zagi. Na miƙe a kan gwiwoyina ina ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, na boko ne! Irin na karatu! Rumbu take so ta yi wa jama'a!"

Wani daga baya ya ce, "Da hoto ake karatun? Matata ta ga ta ɗauki hoto!"

Shahida ta ciro wayar da kanta, tana ganin gaskiya za ta wanke ta. Ta nuna hoton, ta fara bayanin gara da danshin ƙasa. Wayar ta bi hannu hannu. Kowa ya ga ɗakin Mamuda, wasu har suna gane buhunansu.

Dagaci ya ce, "Wa kika tura wa wannan?"

"Malaminmu kawai, ranka ya daɗe."

"Kun ji ko? Ta tura!"

Sai Mamuda ya yi gyaran murya. Bai dubi Shahida ba, ni ya duba.

"Lawal, ni ban ce ta sayar da mu ba. A hannuna aka yi mata huɗuba, na san ta. Amma in na dawo da yaron nan a kwance, kullum kuma in ga 'yarka tana wuce ƙofata da ƙafafunta, ban san abin da zan aikata ba. Gaskiyar kenan."

Dagaci ya shafa gemu, ya ce don lafiyarta da zaman lafiyar gari, ta koma Kazaure, kada ta dawo sai zukata sun huce.

Na ce, "Sai yaushe kenan, ranka ya daɗe?"

Dagaci ya dubi Mamuda. Mamuda ya ce, "Sai Ɗan'azumi ya taka."

Washegari babu ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauke ta, dukansu abokan Ɗan'azumi ne. A kan kekena na hawa na goya ta har bakin titi, akwatinta a cinyarta. Zara ba ta iya rako mu ko zaure ba.

Aikin nata ya fi na kowa a ajinsu. Malamin ya sa ta karanta shi a gaban ɗalibai, aka tafa mata. Da ta faɗa mini a waya na ce Allah ya yi albarka. Ɗan'azumi ya dawo gida. Da safe akan fito da shi a kan tabarma a jingina shi da katanga ya sha hantsi, in na zo wucewa in gaishe shi, ya amsa. Kwanon tuwo bai sake tsallakawa ba.

In an yi hutu yanzu, wurin ƙanwata take sauka a Roni. Ana gab da Sallah na je na kai mata ɗinkinta. Da ka na yanka shi, da tsohon awonta, sai da ta sa na ga rigar tana yawo a jikinta. Damina ta yi nisa a lokacin, gero ya yi tsada, Zara ma saye take yi da kwano.

Muka zauna a inuwar zaure. Ta tambayi innarta, ta tambayi ƙannenta, ta tambayi Iya Dela. Ta yi ta murza bakin mayafi kafin ta kai inda take son zuwa.

"Baba, ya jikin Ɗan'azumi?"

"Da sauƙi."

Ta san haka ake cewa ko mutum yana gargara. Ta ɗago ta dube ni.

"Ko yatsa ɗaya ya motsa?"

Na ce ta cire rigar ta ba ni in tafi da ita, in rage mata gefe da gefe, wani zuwan in kawo mata.