Rabon Sale

Duk wanda ya yi aiki ƙarƙashin Malam Attahiru a ɗakin shan magani na En'e da ke hanyar Gandi ya san dokarsa: ba ka taɓa kwalbar magani sai ya ga ka ci abinci da idonsa. Shi kansa a bakin ƙofa yake zama ya sha furarsa, gaban marasa lafiya da masu jinya da matan da ke wucewa rijiya. Mutanen Rabah na yi masa dariya, wai ga Bafulatanin da ya sayar da kunyarsa ya sayi ludayi. Bai taɓa tanka musu ba. Ni kam, da na yi aiki ƙarƙashinsa, haushin masu dariyar nake ji, don ba su san abin da ke cikin aljihun rigarsa ba.

A wata bazara, zamanin Turawa, sanƙarau ya shigo ƙasar. Aka kafa bukkokin zana a bayan gari aka killace masu ciwon, aka sa Attahiru rabon magani, aka hana shi komawa gida sai ciwon ya lafa. Lokacin bai daɗe da auren Mairama ba. Likita Bature ya zo daga Sakkwato da gwangwanin fararen ƙwayoyi, ya ce ta bakin tafinta a ba kowane mara lafiya rabonsa safe da rana da maraice, kada a tsallake ko sau ɗaya. Ya ƙara da cewa mai rabon ya ci ya ƙoshi, don mai jin yunwa ba ya ƙirga daidai. Gaskiya ya faɗa. Sai dai Bature bai san suruka ba.

Ba a daɗe ba aka kawo Sale, ƙanen Mairama, bisa jaki daga ruga, wuyansa ya sanƙare. Uwarsu, Inna Hawwa, ita ta biyo shi jinya. Bukkar da ta rage kuwa ita ce mai kallon rumfar Attahiru, inda teburinsa da tulunsa suke, ba ko zana a tsakani.

Kullum da hantsi Mairama na aiko fura da nono zuwa bakin shinge, Habi, tsohuwar da ke dama wa marasa lafiya kunu, ta karɓo ta ajiye masa. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi bukkar, ya mayar da faifai ya rufe. Ta yaya mutum zai buɗe baki ya haɗiyi abu gaban uwar matarsa? Bayan rumfa ma ba mafaka, don kawunnan Mairama sun yi zaman jira a gindin tsamiya. Ɗan abin da ya kurɓa da asuba shi ne abincinsa, daga nan sai goro.

"Malam, mi kaka jira?" in ji Habi. "Hura tai tsami. Da ruwan ciki aka jan na rijiya."

Ya ce mata ya ƙoshi. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙoshin da ke sa hannu rawa ba, ta ɗauke ƙwaryar tana mita.

Inna Hawwa ma nata take riƙe da shi. Ba ta ci inda zai gani, ba ta haɗa ido da shi, sunansa kuwa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. In ya shigo ba Sale magani, sai ta ja mayafi ta juya fuska ga zana har ya fita. Dangi suka yi ta yabon su biyun, wai an haɗu da masu kunya.

Ran nan da azahar rana ta buɗe sosai. Attahiru ya ƙulla rabon kowa a 'yar takarda kamar yadda ya saba, ya zuba a aljihu, ya shiga zagaye. Idonsa na ganin duhu-duhu, kunnensa na ƙugi, fuskokin marasa lafiya duk sun zama iri ɗaya. Ya gama ya dawo rumfa ya zube. Sai da la'asar, ya sa hannu zai ciro goro, ya ji ƙullin takarda guda. Rabon mutum ɗaya ya rage.

Nan take ya miƙe. Ya bi bukkoki yana tambayar wanda aka tsallake. Masu ciwon ba sa cikin hayyacinsu, masu jinya kuma wani ya ce an ba su, wani ya ce a ƙaro dai, ba ya ɓaci. Bukka ɗaya ce bai tambaya ba, ta Sale. Ya tsaya a bakinta, ya ga mayafin ya juya ga zana, ya ba Sale rabon maraice ya fita.

Washegari da hantsi Sale ya cika. A ranar an rasa wasu ma, kuma babu mai iya rantsuwa cewa ƙwayar rana ɗaya ce ta raba mai rai da matacce. Malamai sun gaya masa haka, Mairama ma ta ce kwana ne ya ƙare. Shi dai bai san ko rabon wane ne ba, kuma mutum ɗaya ce a duniya ta sani.

Ciwon ya wuce, aka ƙone bukkokin. Amma tun daga lokacin, duk azahar in ya gama rabon magani, sai ya ji akwai saura, wani na tsaye a bayansa yana jira. Wani lokaci har ya ji 'yar ƙarar harshen nan da Sale ke yi in zai kira shanu. Ya waiga, ba kowa sai rana a kan yashi. Ƙullin takardar bai bar aljihunsa ba, ƙwayoyin har suka yi rawaya. Daga nan ya fara cin abinci a bainar jama'a, ya kuma tilasta wa ma'aikatansa. Tsoro ne, ba rashin kunya ba.

Shekaru suka ja. Yana da furfura a gemu aka aiko masa cewa Inna Hawwa na kwance a ruga wajen Goronyo, ta ce shi take son gani, shi kaɗai. Ya shiga ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa. Akwai ƙwaryar fura a tsakaninsu. Ta ce ya sha, tana kallo. Ya ɗauka ya sha.

"Nig gan ka rannan," ta ce. "Kaz zo bakin bukka, kat tsaya kana layi awa mai barci, kaw wuce. Na san ba ka ci komi ba, don ni ma ban ci ba."

Ya ciro ƙullin takardar ya ajiye kusa da tabarmarta. Ta shafa shi da yatsa, ba ta buɗe ba.

"Sunanka ɗai za ni kira. Ɗana na kwance gabana, bakina yaƙ ƙi."

Ya ce Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Ya miƙe don kada ta ga hawayensa, ya sunkuya zai fita, ƙafarsa ɗaya har ta taka waje.

"Attahiru."

Ya juyo.

"Ka gani," ta ce. "Da ka juyo."