Hoton Nicanor, Lamba Tamanin da Bakwai

Ranar da katafila ta gama rushe filin wasan ƙwallon sanda, wato besbol, na bayan masana'antar sukari, Fulgencio ya je ya tsaya bakin shinge kamar sauran tsofaffin gari. Wai kanti za a gina a wurin. Kowa na nuna inda ya saba zama, kowa na shara ƙarya a kan ƙwallon da ya taɓa cafewa. Shi kuwa bangon bayan ɗakin tikiti yake nema, sai ya tarar da tarin bulo, akuya na tsaye a kai.

A gindin bangon nan suke wasan jifa suna yara. Ƙananan hotunan 'yan wasa ne da ke zuwa cikin takardar alewa, ana manna su a albam da kokon rogo. Waɗanda ba a manna ba, da su ake caca: a ja layi a ƙasa, kowa ya wurga nasa, wanda hotonsa ya fi kusa da bango ya kwashe duka.

Albam ɗin Fulgencio ne kaɗai cikakke a garin, kuma shekara hamsin da biyu ke nan yana cika wa mutane baki da shi. Baƙo ba ya shan kofi a gidansa ya tsira, sai an buɗe masa shafi-shafi. Amma in aka zo lamba tamanin da bakwai, da sauri yake juya shafin. Ko matarsa Casilda ba ta san dalili ba.

Lamba tamanin da bakwai Nicanor ne, ɗan garin, mai tare ƙwallo a bayan mai bugu. Motar rake ce ta kashe shi a shekarar da aka buga hoton. Shi ne mahaifin Eladio, abokin Fulgencio tun suna yawo ba takalmi. Gidan su Eladio ba su da wani hoton mamacin sai wannan na alewa da Eladio ya samu, wa ke zuwa wurin mai hoto a lokacin? Yaron ya ƙi manna shi, a aljihun riga yake yawo da shi. Shi kuma Fulgencio lambar nan kaɗai ta rage masa. Sai ya saci kyandir daga gaban gunkin waliyyin da uwarsa ke addu'a, ya goge bayan hotonsa na jifa da shi har ya yi nauyi, yana sulɓi a ƙasa. Ya cinye Eladio tas, saura guda. Ya yi ta tsokanarsa da matsoraci har Eladio ya ciro hoton uban nasa daga aljihu ya wurga.

Eladio bai yi kuka ba. Da ya yi, da ma ya fi sauƙi. Washegari ya zo ya kira shi makaranta kamar kullum, kuma har yau duk Lahadi tare suke buga domino, wasan 'yan katakai masu ɗigo-ɗigo.

Daga wurin rusau Fulgencio ya wuce gida, ya ɗora tukunyar kofi, ya kara shafin lamba tamanin da bakwai a kan tururi. Ya yi ta bin gefen hoton da bakin wuƙa a hankali har ya ɗago lafiya.

"Yau kuma albam ake dafawa?" in ji Casilda.

Ya rufe albam ɗin. Ya sa hoton a aljihun riga ya fita.

Eladio na zaune a barandar 'yarsa, fuskarsa na kallon titi. Ciwon sukari ya daɗe yana cin idanunsa, bara ya ƙarasa su. Da yatsa yake karanta domino yanzu, kuma duk da haka yana cin mutane.

"Wannan jan ƙafar ta Fulgencio ce," ya ce. "Mutumina, yau ba Lahadi ba ce. Ko Casilda ta kore ka?"

"Sun gama da filin. Har bangon."

"Na ji ƙarar tun safe. To, mu ma ai saura kaɗan."

Fulgencio ya kamo hannunsa ya sa masa hoton a tafi. Eladio ya shafa gefensa, ya juya, ya taɓa busasshen kokon da ke baya.

"Ban ci ka da gaskiya ba," in ji Fulgencio. "Kyandir na shafa."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Haba, kai da ƙamshin coci ke tashi a hannunka? Ko makaho ya gane." Ya yi 'yar dariya. "Ga shi kuwa."

"To me ya hana ka magana?"

"Da na faɗa, da uwarka ta ji inda kyandir ɗinta ya tafi, kuma ka san hannunta. Na ce in ka cika albam ɗinka ka gama nunawa, za ka dawo mini da shi. Sati ɗaya na ba ka a raina."

Kunya ta rufe Fulgencio har ya rasa inda zai sa idonsa, alhali ba mai ganinsa. Yana nan kusa duk lokacin da idanun nan ke dushewa. Shi ya raka shi asibiti sau biyu. Ba ranar da bai tuna hoton ba, kullum sai ya ce gobe, don kada shafi ya zauna da rami.

Eladio ya ɗaga hoton daf da fuskarsa, ya karkata shi wajen rana, sannan ya sauke.

"Na manta kamanninsa, ka san? Zauna ka gaya mini. Yana da gashin baki?"

Fulgencio ya zauna, ya leƙa hoton da ya fi kowa sani a duniya.

"Yana da shi, siriri. Hularsa a karkace. Kunnuwansa irin naka, manya."

"Yana dariya?"

"Kaɗan. Ta gefe ɗaya, yadda kake yi."

Eladio ya gyaɗa kai, ya zura hoton a aljihun rigarsa, ya dafe da tafin hannu.

"Da ko bara ka zo da shi," ya ce, ba faɗa a muryarsa, "da na gan shi da ido ɗaya."