Talakan Ƙofar Guga

Shekara guda bayan soja sun koma bariki, Mai Unguwa ya yi sallama a ƙofar gidanmu da hantsi ya ce an zaɓi Malam. Ina bayan ƙyaure ina saurare. Malam ya tambaya an zaɓe shi a matsayin mi, Mai Unguwa ya ce a matsayin talakan Ƙofar Guga. Wai gwamnatin farar hula ta turo kwamiti daga Abuja, za a yi muhawara a wani ɗakin taro a GRA kan yadda za a gyara tattalin arzikin ƙasa, masana kuma sun ce ba za su ci gaba da magana a kan talaka ba sai sun ga guda da idonsu. Kowace unguwa ta kawo nata. Wanda kwamiti ya tabbatar talaka ne, za a ba gidansa injin markaɗe daga shirin rage raɗaɗin talauci.

"Dattawa sun zauna a kan maganar," in ji Mai Unguwa. "Ba a samu ko mutum guda da ya ja ba."

Malam ya yi godiya sosai. Tun da na aure shi, ran nan ne ya fara cin zaɓe, kuma babu hamayya.

Ni ce Sabuwa, matarsa. Sunansa dai ba na faɗa, za ku ji shi a rediyo nan gaba. Shekara goma sha ɗaya yana aikin masinja a wani ofis a GRA ɗin nan. Zamanin farar hula na baya aka ce a tsuke bakin aljihu, muka tsuke. Soja suka zo da nasu tsarin gyara, aka gyara ofishin tsaf, aka gyaro Malam waje. Tun daga nan yake facin keke a gindin wata bishiyar bedi a bakin titi. Ran da tayoyin Katsina suka tashi lafiya, mu ba mu tashi da komai ba. Irin ranakun nan nakan ɗora ruwa zalla a tukunya, in tura 'yan kirare, don maƙwabta su ga hayaƙi yana tashi daga gidanmu kamar kowane gida.

Saboda haka ba zan ɓoye muku ba, injin nan ya shiga raina. Matan lungunmu sai sun tsallaka titi biyu kafin su samu markaɗe. Kafin Mai Unguwa ya kai masallaci na riga na share kusurwar zaure inda za a girke shi, na ma zaɓi ƙusar da zan rataya mazubi.

Sai maganar sutura. Malam riga biyu gare shi, ɗaya ta aiki, ɗaya kuma ta fi ta aikin tsufa. Na ce wallahi mijina ba zai tsaya gaban manyan ƙasa da gwiwar hannu a waje ba, ana ganinsa a ce ba shi da mata. Na shiga wurin Furera, maƙwabciyarmu ta jikin bango. Mijinta Lawal dillalin kalanzir ne a Babbar Kasuwa, kuma duk sanda mai ya yi wuya a gari sai gidansu ya ƙara kwano sabo a rufi. Ta ara mani babbar rigarsa ta shadda mai ruwan ƙwai, da hula. Na wanke, na sa sitati, na goge da dutsen guga na gawayi har rigar tana iya tsayuwa ita kaɗai. Wannan duk ni na yi da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Ranar taron na zaunar da Malam na yi mashi karatu.

"Abu uku za ka faɗa, Malam. An sallame ka ba hakki. Mudun gero ya fi ƙarfinmu. Talatu ta bar makaranta don babu na littafi. Maimaita."

Ya maimaita daidai, bai ɓata ko guda ba. Talatu ita ce ƙaramar ɗiyarmu, tana tsaye tana kallon ubanta cikin shadda kamar baƙo.

"In suka nemi ƙari, ka ƙara," na ce. "Akwai shi da yawa."

"To," in ji shi.

Lawal ne ya ɗauke shi a babur. Daga wurin sauke durom-durom ya biyo, da wata riga da kalanzir ya cinye mata launi, wuyan a yage, silifa kowace ƙafa da irin nata. Ya ce ajiye shi kawai zai yi ya jira a bakin ƙofa.

Da yake an ce za a sa taron kai tsaye a rediyo, mu kuma namu batir ya mutu tun azumi, sai na koma gidan Furera. Muka zauna a tabarma, ta kawo gyaɗa.

Masana biyu ne suka riƙe taron, Dakta Gidaɗo da Dakta Nathaniel. Dakta Gidaɗo ya ce a cire tallafin mai, a sayar da kamfanonin gwamnati, a bar kasuwa ta yi halinta. Da farko talaka zai ji jiki, daga baya ya ji daɗi. Bai faɗi ranar ba. Dakta Nathaniel ya ce wannan maganin an ba talaka shi zamanin soja, ya sha, har yau yana kwance. Dakta Gidaɗo ya ce ai bai shanye ba ne. Haka suka yi ta yi tun ƙarfe goma har aka kusa kiran azahar, kowa yana cewa talaka kaza, talaka kaza, kamar ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ni dai abin da na fahimta, su biyun suna son talaka ƙwarai, a kan yadda za a yi da shi ne suka saɓa.

Aka fara kiran unguwanni. Na Ƙofar Marusa ya yi magana, na Ƙofar Soro ya yi. Sai mai gabatarwa ya ce, "Daga Ƙofar Guga, Malam Almu."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna.

Dakta Nathaniel ne ya tarbe shi. Mutumin Filato ne amma Hausarsa ta zauna, kuma yana da ladabi. Ladabin ne ya kashe mu.

"Malam, barka da zuwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ranka ya daɗe."

"Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"To, Malam, ƙasa duka tana jin ka. Ya rayuwa a wannan lokaci?"

Rediyon ya yi shiru na ɗan lokaci. Na san wannan shirun, shekara ashirin da biyu ina zaune da shi. Na ce a raina, ɗaya, an sallame ka.

"Alhamdulillahi," in ji Malam. "Sai godiya."

Furera ta dube ni, na dubi rediyo.

Dakta Nathaniel bai saki ba, Allah ya saka mashi. Ya ce, "Malam, abinci fa? Ana samun na sawa a baka?"

"Ana taɓawa. Asiri a rufe."

"Yara suna makaranta?"

"Suna nan cikin ikon Allah."

Nan Dakta Gidaɗo ya karɓe magana, ana jin murmushi a muryarsa. Ya ce jama'a su shaida, ga talakan da unguwarsa ta zaɓo da kanta, a dubi shaddar da ke jikinsa, a ji abin da ya faɗa da bakinsa. An sallame shi daga aikin gwamnati, ya kama sana'a, ga shi yana godiya. Wannan shi ne abin da yake faɗa tun safe. Aka tafa. Mijina ya zama hujja, aka ce ya koma ya zauna.

Dakta Nathaniel ya ce bai yarda ba, an kawo masu talakan ado. Ya ce ga wani bawan Allah can a bakin ƙofa tun ɗazu, ko kujera ba a ba shi ba, a dubi rigarsa, shi ma ɗan ƙasa ne, a miƙa mashi abin magana. Aka tambayi sunansa da unguwarsa.

"Lawal, daga Ƙofar Guga."

Furera ta ƙara murya.

Ku da ba ku san Lawal ba, ɗan kasuwa ne, kuma ban taɓa jin ɗan kasuwar da aka tambaya ya kasuwa ya ce lafiya ba. Ba ƙarya ya shirya ba, abin da yake faɗa kullum ne ya faɗa. Ya ce kasuwa ta mutu. Ya ce wahala ta kai wuya, mutum ya fita tun asuba ya dawo hannu rabbana. Ya ce yau ko karyawa bai yi ba, kuma gaskiya ne, Furera ta ce ƙosan da ta saya bai yi mashi ba ya ture. Ya ce rigar kirki guda gare shi, ita ma yau ba ta jikinsa. Wannan ma gaskiya ne. Dakta Nathaniel ya ce to, ga Nijeriya nan a tsaye. Aka tafa fiye da na farko.

Kafin a rufe taro mai gabatarwa ya karanta sunayen waɗanda kwamiti ya tabbatar. Da ya zo Ƙofar Guga ya kira sunan Lawal, Furera ta ce, "Ikon Allah," ta tashi ta shiga ɗaki. Ni ma na tashi. Na yi mata godiyar gyaɗa.

Da la'asar Malam ya shigo. Ya tuɓe rigar a hankali, ya ninke, ya ɗora hular a kai, ya zauna a bakin rijiya da tsohuwar rigarsa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba.

"Abu uku, Malam. Uku kacal. Ka manta ne?"

"Ban manta ba."

"To mi ya hana ka?"

"Gaishe ni ya yi, Sabuwa. Na amsa."

"Na farko gaisuwa ce. Na biyu fa? Da ya ce abinci?"

Ya daɗe yana kallon murhu. Tukunyar tana kai, tun rana na ɗora ta, ruwan ya kusa ƙonewa.

"Na buɗe baki zan faɗa," ya ce. "Sai na tuna kina gidan Furera, kuna zaune tabarma ɗaya. Da na faɗa, da ta san abin da ke cikin tukunyar nan da kike ɗorawa."

Na ɗauki rigar na kai wa masu ita, na tsaya a zaurensu na share idona kafin in yi sallama.

Bayan sati uku aka kawo injin a bayan a-kori-kura, da mai ɗaukar hoto. Malam ya je wurin Mai Unguwa sau ɗaya, aka ce abin da kwamiti ya rubuta ya rubutu. Lawal ya ce shi ma bai ji daɗi ba, amma mayar da kyautar gwamnati rashin ladabi ne. Aka girke shi a zaurensu, jikin bangon ɗakinmu, in ya tashi har kwanukana suna kaɗawa. An ƙara kuɗin mai a shekarar, aka yi yajin aiki, aka ɗan rage. Na ji Daktocin biyu a rediyo sau da yawa bayan nan, ba wanda ya canza ra'ayi.

Ranar da na fara kai markaɗe, rabin mudu ne na gero a ƙaramin kwano, na rufe da faifai don kada a ga iyakarsa. Mata biyar ne a gabana. Da layi ya zo kaina Furera ta karɓi kwanon, ta ɗaga faifan, ta mayar da sauri. Ta ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Maman Talatu, ya gida? Ya ƙoƙari?"

Matan duk suna jinmu.

"Alhamdulillahi," na ce. "Sai godiya."