Kunnen Sagbo

Shekara ashirin da biyu Sagbo yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Shi ke ɗauko fallen ƙarfe mai tsawon bishiyar kwakwa, ya tsayar da shi a bakin teku, gudumar jijjiga ta cije kansa ta yi ta girgiza shi har ya nutse cikin yashi. Falle na kama falle, a haka katangar sabuwar matsayar jirage ke tashi. Ƙarar gudumar ce ta cinye masa kunne a hankali.

Babu wanda ya sani sai Dansu, amininsa, wanda ke tsayawa a ƙasa yana ba shi alama. Ka'ida ita ce a busa usur, amma Dansu ya koma haɗawa da hannu.

"Kurman banza," yakan faɗa masa a saitin kunne in sun zauna cin tuwon masara da soyayyen kifi. "Ran da ba na nan, wa zai yi maka jagora?"

"Ina za ka, fofo?" Sagbo yakan amsa, yana kiransa yaya da yarensu. "Ko teku ba za ta karɓi mummuna irinka ba."

Da damina ciwon ƙirji ya kwantar da Dansu a asibiti. Aka kawo wani ya tsaya a gurbinsa. Kwana uku Sagbo yana lallaɓawa, yana karantar fuskokin mutane. A na huɗu falle ya ci karo da dutse a ƙarƙashin yashi ya fara karkacewa. Mutumin ya yi ta busa usur, Sagbo bai ji ba. Sai da ya ga ma'aikata suna gudu ya kashe gudumar, lokacin fallen ya riga ya goce ya karya wa wani mai walda ƙafa.

Bai jira bincike ba. Ya sauko ya sami shugaban aiki.

"Laifina ne. Na kai shekara biyar ba na ji sosai."

Ya ajiye hular kwanonsa a kan tebur, ya hau babur zuwa asibiti.

Ya tarar da Dansu ya rame, matarsa Senami tana yi masa fifita. Da ya ga Sagbo sai ya yi murmushi ya soma magana. Leɓɓansa na motsi, amma muryar ba ta da ƙarfi. Sagbo ya sunkuya har kunnensa ya taɓa bakin, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya yi ta gyaɗa kai kamar ya gane.

Washegari da hantsi Dansu ya rasu.

Bayan an binne shi, Sagbo ya tambayi Senami abin da mijinta ya ce.

"Ni ma ban ji ba," ta ɗaga murya ta ce. "Na ga kana gyaɗa kai, na ɗauka kai ka ji. Ni da nake jira ka faɗa mini."

Sagbo ya koma garinsu kusa da Wida, yana taya ƙanwarsa shanya gishiri. Duk ƙarshen wata yakan aika wa mai waldan nan da kifi.