Bayan Faɗuwar Bos

Ƙanena Mu'az ya fara shirya finafinan faɗa tun zamanin kaset, kuma duk Sakkwato an san yadda suke ƙarewa. Akwai jarumi, talaka mai ƙarfin damtse. Akwai mugu, wanda 'yan kallo ke kira bos, da babbar rigarsa da ƙartinsa. A ƙarshe jarumi ya kayar da shi. Lokacin mulkin soja ne, ba mai tambayar wa ake nufi da bos ɗin. Sai dai ka ga mutane na zungurar juna.

A gidajen kallo na wancan zamani, da zarar bos ya faɗi ake tashi. Ba a jiran sunayen 'yan wasa. Kowa ya laluɓi takalminsa ya fita yana kwaikwayon naushin ƙarshe.

Jarumin kullum Jelani ne, abokin Mu'az tun firamare. Farin jinin fim ya kai shi siyasa. Ya yi kansila, ya yi ciyaman, yanzu ma na daina riƙe sunan muƙaminsa, motocin da ke bin sa dai sun ƙaru. Shi da Mu'az ba faɗa suka yi ba. Mu'az ya yi ta zuwa gidansa ana cewa yana barci, har ya bari.

Da Mu'az ya daina fim, gari ya ce tsoro ne, wasu suka ce tsufa. Ban yarda ba. Matarsa ta rasu, yaransa sun watse garuruwa, ni nake kai masa tuwo daga Ƙofar Taramniya, don haka na san abin da yake yi a ɗakinsa. Tsoffin finafinansa yake kallo, yana tsayar da su daidai inda bos ya faɗi.

"Yaya, ke da kik karanta littattafai," ya ce mini wata rana, "mi ka hwaruwa wanshekare?"

"Wanshekaren mi?"

"Bos ya hwaɗi, an tahi gida. Kujeratai hwa? Wa ka zama kanta?"

"Ci tuwonka kahin shi huce," na ce. Amma tambayar ta bi ni har gida.

Sabon fim ɗin ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, da yara 'yan wasa waɗanda ba su taɓa ganin kaset ba. A cikinsa bos yana faɗuwa tun kafin a kai tsakiya. Daga nan jarumi ya shiga gidan bos don ya mayar wa mutane kayansu. Ya gaji, ya zauna a kujerar don ya huta kaɗan. Wani ya kawo masa ruwa, ya durƙusa. Sauran fim ɗin duk a kan kujerar nan yake, har ranar da abokin jarumi ya zo ƙofa aka ce masa maigida na barci.

"Ba don jama'a niy yi shi ba," in ji Mu'az. "Mutum guda nika son shi gani hal ƙarshe. In ya gani, ko zagina yay yi, ai mun yi magana."

Aka kama wani ɗakin taro a unguwar Gidan Dahala, bayan La'asar. Ya cika, domin labari ya bazu cewa Jelani zai zo. Ya kuwa zo, a makare, an jira shi. Ya tsaya gabana yana murmushi.

"Yaya Malama, har yanzu kina bugun yara?"

"Na yi ritaya, Jelani. Manya nika jira."

Ya yi dariya sosai, mutanensa suka taya shi. Ya zauna a layin gaba. Mu'az ya ƙi zama, ya tsaya jikin bango inda yake iya ganin gefen fuskarsa.

Faɗan ya yi kyau, wannan kam ba zan hana ƙanena ba. Da bos ya kife a kan buhunan hatsin da ya ɓoye, ɗakin ya kaure da sowa. Jelani ya miƙe yana tafi. Mutanensa suka miƙe. Na baya da suka ga na gaba tsaye, su ma suka shiga neman takalma. Hatta samarin da a waya suka saba kallo, ƙafafunsu sun san al'adar.

"Ba a ƙare ba," Mu'az ya ce. Muryarsa ba ta wuce layi biyu ba. "Jama'a, da saura."

Jelani ya iso ya rungume shi.

"Mu'azu, hannunka bai mutu ba. Wanga naushi, kamar jiya munka yi shi."

"Jelani, da saura. Zamna ka gani."

"Kullum da saura, abokina. Ana jirana Kalambaina wurin gaisuwar rashi. Sai mun yi waya."

Suka fita, ɗakin ya bi su.

Daga baya masu hira suka ce sabo ne ya ja kowa, har Jelani. Na yarda game da sauran. Amma wanda ya yi shekaru gaban kyamara ya san tsawon fim. Kuma ina kusa lokacin da suka rungumi juna. Ta saman kafaɗar Mu'az na ga idon Jelani ya kai kan allon, daidai sanda jarumi ya ɗora hannu a kan kujerar bos, na kuma ga saurin da ya kau da kai. Ban faɗa wa Mu'az ba. Ban san wanne zai fi yi masa ciwo ba, a ce abokinsa bai gane ba ko a ce ya gane.

Mai kula da ɗakin ya fara tattara kujerun roba daga baya. Fim na ci gaba. An kawo wa jarumi ruwa.

Mu'az ya tako a hankali ya tsaya gabana, hannayensa a aljihu.

"Yaya, in kin gaji tashi in kai ki gida. Kin dai san labarin."

"Ji nai niy yi, ban gani ba," na ce. "Gusa, kana tare man."

Ya gusa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya jawo kujerar da ke kusa da ni ya zauna.