Igiya Ta Ɗaya

"Ban da addu'a, ban da waƙar coci," in ji Fergus Rennie. "Rubuta da manyan baƙaƙe."

Morag Petrie ta rubuta. Ita za ta jagoranci jana'izarsa. Sana'arta ke nan, sallamar mamatan da ba sa son fasto. Muna zaune a kicin ɗinsa a Arbroath, injin numfashinsa na huci kusa da murhu. Shekara goma sha tara bango ɗaya ya raba gidana da nasa, don haka ni ya ɗora wa rabon katunan igiya.

Igiya takwas ake riƙewa a sauke akwati cikin kabari, kowacce da lambarta da mai ita. Bakwai ba su ba shi wahala ba: 'yarsa Shona, mijinta, abokan aikinsa huɗu na gidan ƙyafe kifi, sai ni. Ta ɗaya, ta wajen kai, ya bari sai ƙarshe.

"Alasdair."

"Yayan naka?" in ji Morag. "Ba shi ne dattijon cocin da ya rantse ba zai tsaya inda ba a ambaci Allah ba?"

"Shi. Tun muna yara yake son ya jefa ni rami. Ga dama ta samu."

"In bai zo ba fa?"

"A bar ta tana reto. Kada wanda ya taɓa."

Bayan kwana tara, ranar Talata da hantsi, Fergus ya mutu. Laraba na kai katin. Alasdair ya karɓa a bakin ƙofa, bai ce in shigo ba.

"Ko Zabura ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Jaki kawai. Da taurin kan nasa ya tafi?"

"Yana mitar shayi ya huce."

Ya rufe ƙofa. Katin dai bai maido ba.

Ranar Litinin ana yayyafi. Morag ta yi magana minti goma sha biyu a bakin kabari: kifi, matarsa marigayiya, maguɗinsa a wasan karta. An yi dariya sau biyu. Sannan ma'aikacin jana'iza ya fara kiran lambobin igiya.

"Ta ɗaya."

Ba wanda ya fito. Shona ta sunkuyar da kai.

"Ta ɗaya."

Daga can baya wani tsoho cikin baƙar kwat ya ratso mutane a hankali. Alasdair ne. Ya miƙa wa Morag sandarsa.

"Riƙe min, yarinya."

Muka sauke akwatin. Mu bakwai muka saki igiyoyinmu suka faɗa kan murfi. Alasdair bai saki tasa ba. Leɓunansa na motsi, ba sauti.

"Addu'a fa yake yi," in ji Shona ƙasa-ƙasa.

"Ni ban ji komai ba," in ji Morag.

Saura mata shafi ɗaya a littafin jawabinta. Ta sa yatsa a wurin, ta rufe littafin, ta tsaya cikin ruwa da sandar tsohon a hannu, har leɓunan suka daina motsi.